Wai ina dokar leda ta kwana?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum ƴan gida, an wuni lafiya. Tambaya gare ni ga masu ilimin cikinmu. Wai da gaske ne akwai dokar da ta hana leda a ƙasar nan tamu Nijar? Gardama ce ta kaure mana a fada, wani ya ce akwai har da rantsuwa, ni kuma na ce in akwai ta to aljanu aka hana ba mutane ba, don kanibon layinmu, wato magudanar ruwa, tun ruwan farko leda ta toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gidajen mutane.

Mushe:
Wa alaikumus salam. Abokinka bai rantse a kan ƙarya ba. Doka ce mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014, zamanin shugaba Mahamadu Isufu, dekeren da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita kuma ya fito a watan Yuni 2015. Ta hana ƙera leda marar kauri, ta hana shigo da ita, ta hana saida ta, ta hana amfani da ita, ajiye ta ma an hana. Akwai tara akwai ɗauri a ciki. Da za a bi ta sau da ƙafa yau ba gidan da za a shiga a Yamai a fito ba a samu mai laifi ba, har gidan wanda aka aika kamun.

Ɗan Bukoki:
Ikon Allah. Sama da shekara goma ke nan fa Mushe, ni ban taɓa jin an kama ko mutum ɗaya ba

Ƴar Wadata:
To wa zai kama wa? Wanda zai yi kamun shi ma da yamma a leda yake kai ma madam burodi

Alhaji Mai Butik:
Ku bari in yi magana tunda ni nake raba ta kullum a kasuwar Katako. Mu ƴan kasuwa ba riba muke ci a baƙar leda ba, asara ce, da kuɗinmu muke sayen bandir ɗinta mu ba mutane kyauta. Amma ka gwada hana mutum ka gani. Yaro zai sayi ashana ɗaya ya tsaya yana kallonka sai ka sa masa a leda, mace ta sayi sabulu da shinkafa ta ce a raba masu leda kar ƙamshi ya kama, kuma gaskiyarta, wani ma cewa yake a ninka masa biyu don ta yanzu ba ta da ƙwari kafin ya kai bakin titi ta yage. Ranar da na ce ban da leda maƙwabcina yana da ita, gobe can za su. Ni in gwamnati ta hana kowa da kowa rana ɗaya wallahi sai na fi kowa murna, kuɗina ne za su zauna aljihuna. Amma ni kaɗai ba zan zama wawan kasuwa ba.

Uwar Biyu:
Alhaji gaskiya kuka faɗa, mu ne. Ku dubi cefanen rana ɗaya kawai. Tumatir leda, tattasai leda, albasa leda, gishiri leda, daddawa leda, nama leda biyu don kar jini ya ɗiga, man dala ashirin a ƙulla shi a kusurwar farar leda ki zo gida ki ciji bakin ki matse a tukunya, sannan duka a tattara a zuba a babba mai hannu ta dala biyar. Kafin a ɗora sanwa an tara wajen goma, kuma duk kafin azahar sun gama aikinsu. Gida nawa ne a Yamai? Kullum ta Allah fa.

Ɗan Fawa:
Ni ban san lambar doka ba amma na san abin da muka gani cikin tumbi. Wanda bai taɓa tsayawa wurin hiɗa ba ba ya gane zancen ga. Za ka ga tunkiya ciki ya yi tulele, mai ita shina murna wai ta ƙoshi ko tana da ciki, amma ka dubi bayanta ƙashi ne zalla, gashi ya tashi, ta bar tuƙa, in ta yi kashi ɗan kaɗan busasshe. In anka yanka munka buɗe tumbin sai ka ga abin ya naɗe wuri guda, leda da igiyar buhu da tsumma sun murɗe sun yi tauri, sun rine sun zama kalar dusa, sai ka sa hannu biyu ka ciro shi ɗungurungum, ga wari. A saniya wani lokaci yaro guda bai ɗaga shi. Ita dabba ba ta narka shi ba ta amayo shi, wurin da abinci za ya zamna an cike shi, yunwa ka kashe ta alhali ciki cike. Kuma akuyar gari da tunkiyar gari da ka yawo bisa juji da wuya ka buɗe ka iske ba ko kaɗan.

Ƴar Wadata:
Subhanallahi. To me ke kai su ci Baba, ba su jin ba ciyawa ba ce?

Ɗan Fawa:
Gishiri da mai ɗiyata. Ledar da anka ƙulla ƙosai ko awara ko miya ƙamshin na nan jikinta. Ga rani ba haki, harawa ta yi tsada, mai dabba ya sake ta ta nemi na kanta. Shi ya sa wanda ya san kan dabba in ya zo Turaku sayen ragon layya ba ƙaho yaka dubi ba, hannu yaka sa ya danna cikin ta gehen hagu, in ya ji abu mai tauri da bai motsawa sai ya wuce gaba ko da an karya mai kuɗi.

Ɗalibi:
Abin da Baba ya faɗa shi ne babban dalilin da Muritaniya ta bayar lokacin da ta hana leda a farkon 2013. Wani jami'in ma'aikatar muhallinsu ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a Nuwakshot cin leda ne sanadi. Mu da kiwo ke cikin manyan arzikin ƙasa ai mu ya kamata mu fi kowa zafi a kan wannan. Kuma ba wai ba a iyawa ba ne. Ruwanda ta hana tun 2008, a filin jirgin Kigali ma karɓe ta ake daga kayan matafiya. Kenya ta hana a watan Agusta 2017 da tara har shilin miliyan 4 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4. Bangaladash ita ta riga kowa tun 2002, bayan sun gano leda ce ta toshe magudanan ruwa ta ƙara masu munin ambaliya. Me suka fi mu?

Direban Ƙonni:
Ƙanena ka yi karatu amma ba ka yi hanya ba. Ruwanda ɗin da kaka faɗi jahar Tawa kaɗai ta ninka ta sau huɗu. Iyakarmu da Najeriya wajen kilomita 1500 ta, daga Gaya har Difa, kuma ba katanga, gona ta nan ta haɗe da gona ta can. In ka tsare Ƙonni da Illela ka tsare Dan Isa da Jibiya, mai moto ya bi ta daji da dare da bandir huɗu bayanshi, wa za ya gane shi? Man hetur ma da ke wari an kasa tsare shi shekara da shekaru balle leda da ba ta da nauyi ba ta da wari. Kuma can ba a hana ta ba, Kano masana'antu na nan suna bugawa dare da rana.

Ɗalibi:
Yaya ai Kenya ma ana satar shigar da ita daga Yuganda, amma duk da haka ta ragu sosai a tituna. Don ba za a kama duka ba sai a ce kar a kama ko ɗaya?

Mushe:
Nan ne nake ganin kowannenku yana da rabin gaskiya. Direba, mai moto da bandir huɗu ba shi ke ciyar da Yamai da leda ba. Garin da ke shanye wannan adadin kullum, a kamiyo kayansa ke zuwa, kamiyo kuma kan kwalta yake bi ya tsaya gaban duwan, wato kwastan. Manyan masu sarinta ba su da yawa, kuma ba ɓoye suke ba, Alhaji ya san inda yake saye. Matsalar dokarmu a ganina ta haɗa kowa a laifi ɗaya, daga mai kamiyo har yarinyar da aka aika sayen gishiri, to dokar da ta mai da mutanen ƙasa duka masu laifi ba mai iya aiki da ita, sai a naɗe ta a ajiye. Ko kuma abin da ya fi muni, a tashi rana ɗaya a bi ƴan tebur da masu tuya ana ƙwace masu kaya don a nuna a telebijin, manyan na zaune.

Alhaji Mai Butik:
Na san inda nake saye mana, kowa ya sani. Amma kar a sa ni faɗin suna a nan

Shugaban Zaure:
Kar ma a fara. Ba suna, ba siyasa, an sha faɗa.

Hajiya Mai Waina:
Ni tun ɗazu nake karantawa ina jiran in ji wanda zai ce ga abin da za mu zuba a ciki, ban ji ba. Ku masu biro kuna da sauƙin baki. Ƙarfe shida na safe ina da mutum ashirin a kaina, ɗan lakkol na sauri, mai kabu-kabu ko sauka ba ya yi daga moto, waina da miya da yaji, in zuba masa a hannu? Da can da muna yara kowa da kwanonsa yake zuwa, gaskiya ne, amma da can mai saye ɗan unguwa ne gidansu na nan kusa. Yanzu mutum daga Talaje yake aikinsa na Plato, zai yi yawo da kwano cikin taksi? Takarda kuma mai ya ratsa ta, miya ba ta zama ciki. Ba son leda nake ba, na san zuba abu mai zafi a cikinta ba alheri ba ne, har laushi take yi a hannu. Amma a kawo madadin da kuɗinsa bai fi ribar wainar ba sannan a zo a hana ni.

Uwar Biyu:
Hajiya ai masu nama har yanzu takardar siminti suke naɗewa, kilishi ma haka

Ma'aikaciyar Likita:
Takardar siminti ma ba abin yabo ba ce yaya, sai in an cire ta cikin da ta taɓa simintin. Amma ni ba nan hankalina yake ba. Duk wanda ya ce a hana leda to ya fara gaya mana yadda za a yi da piya wata, ruwan shan nan na leda. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garin nan, mai turin kura da magini da ɗan talla da dala biyar suke samun ruwa mai sanyi a rufe. Gora ta ninka haka sau goma ko fiye. Kafin piya wata me ake sha a tasha da kasuwa? Moɗa ɗaya cikin bokiti kowa ya kafa baki, ko ruwan ƙulli da ake hura ledar da baki kafin a zuba. Mu da ke karɓar masu zawo da amai mun san abin da wannan ke jawowa. Ban ce duk piya wata mai tsabta ba ne, akwai na bayan gida da ba wanda ya auna, amma a ce gobe babu shi kwata-kwata ba a tanadi komai ba, za a gyara kanibo a cika gadajen likita.
Ta ɗaya gefen kuma ledar nan dai ita ke tare ruwa a kanibo sauro ya hayayyafa, daga Agusta zuwa Oktoba ku zo ku ga layin yara masu masassara. Ga mata masu hura gawayi da ita, don Allah a bari, wannan baƙin hayaƙin kai tsaye ƙirjin yaron da ke goye yake shiga.

Uwar Biyu:
Wannan na hura wuta kam kusan kowane gida, musamman da damina in icce ya jiƙe

Ɗalibi:
Maganar piya wata gaskiya ce. A Kodebuwa da aka fara aiki da tasu dokar a 2014 masu ruwan leda zanga-zanga suka fito yi a Abijan. Jahar Legas kuma da ta hana kwanon soso na abinci a Janairu 2024, ta zo ta hana siririyar leda daga 1 ga Yuli 2025, ba ta taɓa piya wata da gorar ruwa ba, ta bar su. Wato ba dole sai an hana komai rana ɗaya ba.

Direban Ƙonni:
To ka ga ka dawo hanya. Legas ta hana, Kano da Sakkwato da Katsina da ke maƙwabtaka da mu fa?

Mushe:
Shi ya sa na ce a rarrabe. Baƙar leda siririya da ake bayarwa kyauta daban, ledar ruwa daban, ta magani a likita daban. Ta farkon ita ce ta fi yawa, ita ce iska ke ɗauka ta rataye a ƙaya, ita ce ba mai tsinta don ba ta da nauyin da za a saya. Kuma ita ce ta fi sauƙin rabuwa, don shinkafa da sabulu da albasa ba sa buƙatarta, jaka ɗaya ta buhu ko kwandon kaba ya ɗauke su shekara guda. Mu da ake saƙa kaba tun kaka da kakanni ai ba sai mun yi odar kwando daga waje ba. Ledar Hajiya ta miya da ledar ruwa a bar su zuwa gaba.
Kuma abin da ya sa take yawa ba wani abu ba ne, kyauta ce. Ayalan ba hanawa ta yi ba, a 2002 kuɗi ta sa, santim 15 na yuro kan kowace leda, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Ingila ta bi a 2015 da peni 5. Ku lura a nan ma, babbar mai hannu da ake saye dala biyar ba a cika ganinta a juji ba sai ta mutu, mata ninke ta suke su ajiye ƙarƙashin katifa. Wadda aka ba ka kyauta ita kake saki a ƙofar butik.

Ƴar Wadata:
Mushe ya shiga ɗakin mamata ke nan, katifarta kam banki ce ta leda

Alhaji Mai Butik:
Mushe can butik ɗinsu na da na'ura, kowane ciniki a rubuce, gwamnati na gani. Nan wa zai bi ƴan tebur ya ƙirga leda nawa suka bayar? Kuma ka ce ma mai sayen sukarin dala goma ya ƙara dala ɗaya ta leda, ina canjin? Dala ɗaya ma yaushe rabon da ka gan ta a kasuwa.

Mushe:
Ba a tebur za a karɓa ba Alhaji, a bakin iyaka da wurin masu sari. In bandir ya yi tsada a hannunku ku da kanku za ku daina ba mai ashana ɗaya.

Direban Ƙonni:
In ya yi tsada ta kwalta ya yi araha ta daji. Kuma kuɗin da anka karɓa ina za su? Ni dai abin da na gani, duk wata sabuwar doka sabon shinge ta kan hanya, mu direbobi mu ka biya.

Ɗan Adar:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, daga Tawa nake bin ku. Ku ƴan birni kanibo kuke kuka, mu gona. Takin da muke ɗebowa daga jujin gari a amalanke mu kai gona yanzu rabinsa leda ne, sai an zauna an tsince, kuma ba ta tsintuwa duka don rana ta cinye ta ta zama gutsi-gutsi. Ka kai hauya ka ji ta sarƙe, ka tono ka ga ledar bara waccan tana nan ba abin da ya same ta, inda ta kwanta ruwa ba ya shiga ƙasa, saiwar hatsi ta zo ta lanƙwashe. Mutanen da suka sha wahalar haƙa ramukan tassa da na rabin wata don su tare ɗan ruwan da Allah ya ba mu, ga wani abu ya zo yana hana ruwan shiga. Kuma duk garin da za ka shiga a ƙasar nan kafin ka ga gidan farko ledar da ke kan itatuwa za ta gaya maka ka iso. Ni ina goyon bayan a hana baƙar nan ko gobe. Kakanninmu da sanho da ƙwarya suka ci kasuwa.

Hajiya Mai Waina:
Kakanninmu kuma ba su sayi man dala goma ba ɗana. Talauci ne ya raba komai ƙulli-ƙulli, wanda ke iya sayen lita ai da gorarsa yake zuwa. Ga azumi, ƙanƙarar da kowa ke rububi da la'asar a me ake daskarar da ita? Mata nawa ne ke ciyar da marayu da ƙanƙara da zoɓo da lemun hari a leda?

Ɗan Adar:
Ban musa ba Inna. Amma tunkiyar da ke mutuwa ita ma ta talaka ce, sau da yawa ta mace ce ma, ita ce asusunta.

Ɗalibi:
Wani abin da za a kiyaye, kar a ce a koma mai kauri a zauna. Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2014 ta hana siririya ta bar mai kauri wai za a riƙa sake amfani da ita, mutane suka riƙa yar da mai kaurin kamar yadda suke yar da waccan, sai da suka sake wata dokar a 2024 ta hana duka a wurin biyan kuɗi a kantuna daga farkon 2026. Haka masu cewa tasu mai ruɓewa ce, da yawa ba ruɓewa take ba, farfashewa take ƙanana, irin abin da Ɗan Adar ke tsinta a gona. Kuma wa ke da na'urar aunawa a kan iyaka ya tabbatar? Rubutu ne kawai a jiki.

Direban Ƙonni:
Wanga kam gaskiya ne, a buga ma leda hoton ganye kore a ce ta zama halal

Mushe:
Burkina ma shekara ɗaya muka yi doka da su, 2014, ta bar ƙofa ga mai ruɓewa, abin bai yi ba, ƙarshen 2024 suka sake sabuwa mai tsauri. Benin ta yi tata a Disamba 2017. Ka ga maƙwabta kusan kowa na da takarda. Wanda na san ya taɓa yi da gaske kusa da mu Injamena ce, a 2010 magajiyar garin ta tsaya da ƙafarta aka daina ganin leda a kasuwa. Gari ɗaya ne ba ƙasa ba, kuma mutum ɗaya ce ta ɗaure fuska. Shi ya sa nake ganin ko a nan ba sai an jira ƙasa duka ba, hukumar birnin Yamai ta fara da manyan kasuwanni, Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, a ba da wata shida ana shela a rediyo da masallatai, a bar masu sari su ƙarar da kayansu, a sa ƙungiyoyin mata ɗinka jakar buhu, sannan a rufe ƙofa.

Direban Ƙonni:
Na shiga Injamena bayan nan Mushe, ta dawo abinta sannu-sannu. Mai ɗaure huska in ya tashi, wanda ya gaje shi da nashi aiki.

Ƴar Wadata:
To ni tambayata, ko an hana sabuwa wadda ke ƙasa fa? Ku leƙa kwarin Gunti Yena bayan ruwa, duk abin da ta kwaso kogi take kai shi. Na ga masu narka leda da yashi suna buga pabe na shimfiɗa a hanya, me ya sa ba a sayen ta a kilo yadda ake sayen ƙarfe da gwangwani? Da yara sun share garin nan cikin wata guda.

Alhaji Mai Butik:
Nauyi ɗiyata. Ƙarfe ɗan guntu kilo ne. Baƙar leda sai ka cika buhu ka danna ka ƙara kafin ta yi abin kirki, ga ƙasa ga ƙazanta sai an wanke. Yaro ya wuni yana tsinta ya samu abin da bai sayi waina uku ba, gobe ba zai koma ba. Ledar piya wata ta fi kauri, ita kam in masu buga ruwan za a tilasta masu su karɓi fanko su biya ko kaɗan ne, za ta taru. Su suka fito da ita su san yadda za su yi da ita.

Ma'aikaciyar Likita:
Wannan shawarar ta fi min hanawa. Amma ba yara za a tura juji ba don Allah, akwai allura da kwalba a ciki, muna ɗinke ƙafafu kullum. A wurin mai saida ruwan za a ajiye buhu, ka sha ka jefa nan take. Masu narkawar ma a fili suke yi ba abin rufe hanci, su ma abin dubawa ne.

Ɗan Fawa:
Ni dai kowace za a hana a hara da wadda dabba ka ci. Kuma masu sakin awaki su ɗaure abinsu, doka ba ta bin akuya bisa juji.

Uwar Biyu:
Baba ɗaurewa sai da abin ba ta, buhun dusa nawa yanzu

Ɗalibi:
Gaskiya ni har yanzu ina ganin muna neman uzuri ne. Kowa ya ce sai gwamnati, sai duwan, sai masu sari. Mu nan mu nawa ne a zauren nan? In kowa ya ɗauki jaka in zai je kasuwa ya ƙi karɓar baƙar leda ai an rage wani abu, ba sai an jira dekere ba.

Hajiya Mai Waina:
Madalla da ɗana. To ga ni ga ka. Kai ne kullum kake tsayawa wurina kafin ka haye gada zuwa jami'a, kuma kai ne mai cewa Hajiya a ninka min leda kar mai ya ɓata min takardu. Gobe ka zo da kwanonka mai murfi, na yi alkawari gaban kowa zan ƙara maka waina biyu kyauta, da duk wanda ya zo da nasa cikin ƴan zauren nan har ƙarshen wata. Amma wankakke, ba ni da ruwan wanke ma kowa kwano da asuba.

Ɗalibi:
Haba Hajiya, a gaban mutane

Direban Ƙonni:
Hajiya ni kwanona babba ne, biyun nan kan kowane kwano ne ko kan kowace dala ashirin?